Ruwan Gidanmu Ba Ya Fita Sai Ya Yi Aiki Biyu

Ni ƴar Damagaram ce, a nan aka haife ni, a nan nake aure, kuma mu goma sha ɗaya ne a gida har da yaran ƴan'uwa da ke karatu a wurinmu. Shekara tara ke nan muna bin wata ƙa'ida guda a kan ruwa, da itace, da shara: abin da ya shigo gidan nan ba ya fita sai ya yi aiki biyu. Abin da zan bayar shaida a kansa shi ne abin da hannunmu ya taɓa, da awonsa, da wuraren da yake ɓaci in ba a kula ba. Ƴan'uwana mata, ku ne na fi nufi, domin randa da murhu a hannunmu suke, amma akwai rabon masu gida a ciki.

Da ruwa zan fara, don duk wanda ya kwana a Zindar cikin watan Afrilu ya san dalili. Garinmu a kan dutse yake zaune, duwatsun Birni shaida ne, shi ya sa rijiya ba ta wadatar da mu. Ruwan famfonmu daga nesa ake turo shi, daga Gogo da Machaya, da Arungusa, da Ganaram. Idan bazara ta kama, unguwa takan yi kwanaki famfo bai ce uffan ba, sai ƴan garuwa da jarkokinsu na lita 25.

A gidanmu ruwan da aka yi amfani da shi kashi uku ne, kuma ba a haɗa su. Na farko shi ne mai tsabta: ruwan alwala, da na wankin shinkafa, gero, ganye da tumatir. Wannan kai tsaye yake zuwa gindin shuka. Wurin alwalarmu ma a gindin lemun tsami muka mai da shi, aka aza faffaɗan dutse na zama, don haka ba mai ɗaukar bokiti, ruwan da kansa yake tafiya inda ake bukatarsa. Butar alwala kuwa ba a cika ta. Ya tabbata cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana alwala da mudu guda, abin da bai kai lita ɗaya ba, mu kuma muna ƙarar da buta mai lita biyu muna hira. Kashi na biyu shi ne ruwan wanka da na ɗaurayar tufafi ta ƙarshe, mai ɗan sabulu kaɗan. Shi manyan itatuwa suna ɗauka, kamar bedi da zogalen da ya riƙa, amma ba a zuba shi a kan salati ko wani ganyen da ake ci ɗanye. Na uku shi ne ruwan wankin farko mai garin sabulu, da duk wanda aka sa wa jabel, wato ruwan da ke sa tufafi fari. Wannan ba ya zuwa kusa da shuka ko kaɗan, domin gishirin da ke cikinsa yana taruwa a ƙasa. Alamarsa ita ce ka ga gefen ganye ya ƙone, ƙasa ta yi fari-fari a sama kamar an barbaɗa kanwa. Shi ake kora ban ɗaki da shi, ko a yayyafa tsakar gida kafin shara don ƙura ta kwanta.

Kuskuren da mutane suka fi yi shi ne ajiye irin wannan ruwa. Kada ya kwana. Ruwan wanke-wanke mai maiƙo in ya yi yini guda a zafinmu sai ya yi wari, in ya ƙara kwanaki sauro ya samu gida. Domin na wanke-wanke mun haƙa rami mai zurfin santimita 60 da faɗin haka, tazarar kamu biyu daga gindin bedi, aka cika shi da tsakuwa a ƙasa, gawayi a tsakiya, yashi a sama. Ana tace ruwan da tsohon rariya kafin a zuba, guntun tuwo ya tafi wurin kaji. Bayan wata uku ko huɗu za ka ga ruwa ya fara tsayawa ba ya shigewa, to maiƙo ne ya toshe yashin: a kwashe na sama kamar yatsa huɗu, a zuba sabo.

Famfon da ke ɗiga kuma a daina raina shi. Ɗigo ɗaya a kowace daƙiƙa yana kai kusan jarka guda a yini. Galibi ƴar robar da ke cikin kan famfon ce ta cinye, kuma matse shi da ƙarfi shi ke ƙara kashe ta. A rufe ruwa daga wajen mita, a kwance kan, a kai tsohuwar robar kasuwa a sayo irinta. In ana zargin bututu ya fashe a ƙarƙashin ƙasa, a rufe duk famfunan gida da dare, a rubuta lambar da mita ta nuna, a duba da asuba.

Ruwan sama shi ne kyautar da muke bari tana bin kwararo. Lissafinsa ba wuya: milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Ɗakin kwano mai mita 4 da mita 5, in aka yi ruwa na milimita 20, ya zubo da lita 400, wato tano biyu masu lita 200, ko jarka 16. Damagaram tana samun wajen milimita 400 a shekara, wata shekarar ya fi, wata bai kai ba. Ana bukatar indararo mai ɗan gangare, da tano mai murfi, da guntun gidan sauro a ɗaure a bakinsa. Ruwan farkon damina ba a tara shi, haka ma na mintunan farko a kowane zubowa, saboda ƙurar wata takwas da kashin tsuntsaye da na ƙadangare duk a kan kwanon suke. Mu wanki da wanka da ban ruwa muke yi da shi. In za a sha, sai an tafasa. Tanon da aka taɓa zuba mai ko maganin ƙwari a ciki, ko an wanke shi sau goma, kada a yarda da shi.

Ga masu son dasa itace amma suna tsoron ban ruwa, ga abin da ya raya mana mangwaro da gwaiba. A sayi tulun ƙasa wanda ba a shafa masa komai ba, irin na maginan Mirriya, mai cin lita 8 zuwa 10. A binne shi har wuya, tazarar tafin hannu biyu daga dashen, a cika shi da ruwa, a rufe bakin da fasasshen kasko. Jikin tulun yana tsatsar da ruwa a hankali daidai inda saiwa take, rana ba ta shan ko ɗigo. A bazara muna cikawa duk kwana uku, da sanyi sau ɗaya a mako. Ruwa mai sabulu ko laka yana toshe ƙofofin jikinsa, don haka mai tsabta kawai ake zubawa. Itatuwa da yawa da ake dasawa ranar 3 ga Agusta, ranar bikin dashen itace ta ƙasarmu, ba sa ganin damina ta biyu, kuma abu biyu ne ke kashe su: ƙishin watan Maris zuwa Mayu, da bakin akuya. Tulu yana maganin na farko, kewayen ƙaya ko tubali yana maganin na biyu.

Sai wuta. Murhun duwatsu uku da muka gada yana ɗumama iska fiye da yadda yake ɗumama tukunya, musamman lokacin hunturu da iska ke kwashe harshen wuta gefe. Akwai murhun ƙarfe da ake kira Mai Sauƙi, maƙera suna yin sa, akwai kuma na laka da ake kira Albarka, wanda mace za ta gina da hannunta ba ta kashe ko dala ba. Ga yadda muke yin namu. Kwano huɗu na yumɓu ko ƙasar shuri, kwano ɗaya na kashin jaki ko na saniya busasshe a daka, kwano ɗaya na ƙaiƙayi ko yankakkiyar ciyawa. A kwaɓa da ruwa, a tattake da ƙafa, a rufe da tsohon buhu, a bar shi ya ruɓa mako guda ana yayyafa masa ruwa. Wadda ta yi gaggawa ta gina ranar da ta kwaɓa, murhunta zai tsage tun wutar farko.

Ranar gini a kafa duwatsu uku masu tsayi ɗaya, yadda gindin tukunya zai yi nisan santimita 12 zuwa 15 daga ƙasa. A aza tukunyar da za a riƙa girki da ita, ita kanta ba wata ba, a gina bango mai kaurin yatsa huɗu kewaye da ita har zuwa kunnuwanta. Tsakanin jikin tukunya da bango a bar tazarar yatsa guda ko'ina. A nan duk sirrin yake. In tazarar ta matse, hayaƙi ba ya samun hanya, wuta ta riƙa mutuwa, idon mai girki ya yi ja. In ta yi faɗi, zafi ya tsere ta sama, an koma gidan jiya. Washegari, laka ta ɗan sha iska, a yanke ƙofa da wuƙa, faɗinta kada ya wuce na tafin hannu da yatsu a buɗe, a fuskantar da ita inda iska ke shigowa. A bar shi ya bushe a inuwa kwana biyar zuwa bakwai. Kowace tukunya da murhunta: in ka ɗora ƙarama a kan na babba, ribar ta tafi. Itace biyu ko uku ƙanana, faskararru, busassu, sun isa. Da muka koma kansa, ɗaurin itacen da ke yi mana kwana huɗu ya koma yana kai mu mako. Da damina a rufe shi da tsohon kwano, in ya tsage a lilliƙe da ragowar kwaɓin.

Abin da ya fi ba baƙinmu mamaki shi ne kwandon dahuwa. Babban kwando ne aka shimfiɗa masa tsofaffin zannuwa da auduga, kaurin yatsa biyar ta ƙasa da ta gefe, da matashi guda na rufe sama. Shinkafa in ta tafasa minti biyar, a sauke da murfinta a rufe, a cusa a kwandon, a danne da matashin, bayan minti 40 ta nuna ba ta kama ba. Wake kuwa a jiƙa shi tun dare, a tafasa minti 20, a sa a kwando awa uku. Dole tukunyar ta kusa cika, domin rabin tukunya ba ta riƙe zafi, kuma duk buɗewa ɗaya don leƙe tana zubar da aikin. Ruwa a rage kaɗan a kan yadda aka saba, tunda ba tururin da ke fita. Abincin da ya wuce awa huɗu a ciki a sake tafasa shi kafin a ci, don in ya koma ɗumi-ɗumi nan ne yake lalacewa. Tuwo ba ya shiga wannan lissafi, shi sai da muciya.

Tun da matatar mai ta SORAZ ta fara aiki a 2011 gas ya yawaita a gari, kuma muna da tukunyar gas mai kilo 6 don shayi, kunu da ɗumame. Ba zan ce kowa ya iya ba, sayen tukunyar farko yana da nauyi. Wadda ta samu, ta kare wutar daga iska da guntun kwano, ta rage ta da zarar an tafasa. In an ji wari, a shafa kumfar sabulu a mahaɗar, inda ya yi ƙwai nan ne yake fita. Kada a gwada da ashana, don Allah.

Leda ita ce ta fi ba mu wahala, domin ba a gida take farawa ba, a kasuwa ne. Ka je kasuwar Dole sayen kayan miya, ka dawo da leda goma sha: ta tumatir daban, ta albasa daban, ta magi daban, sannan babba ta haɗe su. Ƙasarmu ta yi dokar hana shigo da ita da sayar da ita tun watan Nuwamba na 2014, amma duk wanda ya dubi ƙayoyin bakin gari da suka yi baƙi da ita ya san inda maganar ta tsaya. Tambayi mahauta abin da suke tararwa a tumbin akuyar gari. Dunƙule ne na leda da ya murɗe kamar igiya, dabbar tana ci ba ta ƙiba, cikinta ya kumbura, ta rame har ta mutu, mai ita yana zargin maita. Ita ce kuma ke toshe magudanan ruwa, ruwan da ya kamata ya wuce tafki ya kwanta a gindin katangar laka.

Maganinmu ba shi da ado. Jaka biyu da tela ya ɗinka da buhun shinkafa suna rataye a ƙofar zaure, inda mai fita ba zai ce ya manta ba. Nama da niƙa da fura a kwano mai murfi ake karɓo su, mai a kwalba. Abinci mai zafi, kamar koko da ƙosai, ba ya shiga leda. Yaro in za a aike shi, a miƙa masa kwano tare da kuɗin, kuma a gaya masa ya faɗa tun kafin mai kaya ya ɗaure, don hannunsu ya riga bakinsu. Ɗabi'a guda da nake roƙon mata su bari ita ce hura gawayi da leda. Tana kama wuta da sauri, gaskiya ne, amma wannan baƙin hayaƙin mai ɗigowa yana shiga ƙirjinki da na goyon da ke bayanki. Guntun kwali da aka ɗiga wa man gyaɗa, ko ɓawon rake busasshe, ko karan dawa, duk suna yin aikin.

In an cire leda, kwalba da ƙarfe, abin da ya rage a sharar gida kusan duk taki ne. Muna da ramuka biyu a bayan turken awaki, kowanne mita ɗaya da mita ɗaya, zurfin santimita 60, a inuwa. Jerin haka yake: yankakken kara ko busasshen ganye kaurin santimita 20, kashin awaki da na kaji da ɓawon kayan miya santimita 10, toka a barbaɗa sama-sama kamar gishiri, sannan a yayyafa ruwa. A maimaita har ramin ya cika, a rufe da tsohuwar tabarma, a soka sanda a tsakiya. Bayan kwana uku a zaro sandar a taɓa. In da zafi da danshi, aiki yana tafiya. In sanyi ƙalau kuma a bushe, ruwa ya yi kaɗan, kuma gara ce za ta cinye karan. In tana warin ruɓaɓɓen ƙwai, ruwa ya yi yawa, a juya a ƙara busasshen ganye. In wari mai hawa kai kamar na fitsari ne, toka ko kashin kaji ya yi yawa, ƙarfin takin ne ke fita a iska. Awon danshi a hannu yake: a damƙi kaɗan a matse, ya dunƙule amma kada ruwa ya zubo. Duk kwana 15 a juye shi zuwa ɗaya ramin, na sama ya koma ƙasa. Cikin wata biyu zuwa uku ya zama baƙi, yana ƙamshin ƙasar da ruwan farko ya taɓa. Nama, ƙashi da miya mai mai ba sa shiga, suna jawo ɓera da karnuka. Batir kuma, ko na tocila ne, ba ya shiga taki ba ya shiga wuta. Namu a gwangwani mai murfi muke tara su, nesa da yara.

Kayan miya kuwa, maimakon su ruɓe su tafi rami, randa cikin randa tana riƙe su. Wani malami ɗan Jigawa, Mohammed Bah Abba, shi ya yaɗa dabarar har ya samu lambar yabo a kanta a 2000. Ƙaramar randa a cikin babba, yashi a tsakaninsu kaurin yatsa biyu, a jiƙa yashin safe da yamma, a rufe da jiƙaƙƙen buhu, a ajiye a inuwa inda iska ke wucewa. Tumatirin da ke narkewa a kwana biyu yakan haura mako. Da damina ba ta aiki sosai don iska ta riga ta jiƙe, kuma albasa ba ta son ta, ita bushewa take so.

Akwai ɓangaren da ba na awo ba ne, na haƙƙin mutane. Ɗan garuwar da ya kwana a layin famfo, da matar ƙauyen da ta ɗauko itace a ka tun asuba, ba su ne wurin nuna gwanintar ciniki ba, kuma a gidanmu an hana a ce musu su dawo gobe. Abincin da za a ba almajiri a ba shi tun yana abinci, ba sai ya yi tsami ba. Takalmi da jaka in sun tsinke dukawan garin nan suna nan, kuma aikin fatar Damagaram ba sai an yi masa talla ba.

Gonarmu tana hanyar Matamaye, kuma can ne maigida yake nasa ɓangaren. Wanda ya bi wannan hanya zuwa Magarya ya ga yadda gawo ya rufe gonaki, kuma yawancinsa ba dasa shi aka yi ba, barin sa aka yi ya tashi. Sassaben zamani ke nan, wanda masu bincike suka ƙiyasta ya farfaɗo da wajen hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, galibi a jihohin Maraɗi da Damagaram. Lokacin sharar gona, maimakon a sare duk tohon da ya fito daga kututturen sabara, kalgo ko gawo a ƙone, sai a zaɓi biyu zuwa biyar mafiya ƙarfi da miƙewa a bari, a cire sauran. A rage rassan ƙasa har zuwa rabin tsayin sandar, ba fiye ba, don in an yi mata ƙwal iska tana karya ta. Sara da kaifaffen gatari daga ƙasa zuwa sama, domin saran da ya zo daga sama yana ɓare ɓawo ya bar ciwo. A ɗaura ɗan tsumma ja a jiki don mai neman itace ya san da mai shi. Gawo yana zubar da ganyensa da damina, don haka ba ya yi wa gero inuwa, kuma da rani dabbobi suna taruwa a gindinsa cin ƴaƴansa su bar taki. Rassan da aka rage duk shekara su ake ɗaurewa a ɗoro a amalanke, kuma daidai kaurinsu ne ƙofar murhun Albarka take so.